Shin da gaske ofisoshin Saudiyya na ƙone tsofaffin fayilolinmu?

Kwanakin nan wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mutanenmu, daga Shara Mansur ta Makka har unguwannin Jidda. Mai maganar har da rantsuwa: wai tunda komai ya koma Absher da Najiz, wato shafukan intanet na hukuma, an umarci ofisoshin gwamnati su ƙone duk wata tsohuwar takarda, don haka mai riƙe da sakkin gida (takardar mallakarsa) ko shaidar haihuwa ko takardar aure ta zamanin da, ya ɗauka ba shi da komai.

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo bayan la'asar da jakar takardun marigayi mijinta, ɗaya daga cikin Hausawan da suka daɗe da zama 'yan ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, duba mini. An ce in ban biya an ciro fayil ɗin Alhaji kafin ƙarshen wata ba, gidan nan ya tashi daga namu." Na ce, "Hajiya, wa ya ce miki?" Ta ce wani mu'aƙƙib ne, irin masu bi wa mutane takardu a ofisoshi, kuma har ya yanka mata kuɗi masu kauri.

Ban ga laifinta ba. Wanda ya ga rusau ɗin da aka fara a Jidda a 2021, ya ga yadda sakki ya raba mai cikakkiyar diyya da wanda ba shi da ita, ko yake da dangi da suka baro Khartoum bayan Afrilun 2023 ba tare da ko takarda ɗaya ba, dole gabansa ya faɗi in an ambaci ƙona fayil. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Amma saƙon nan ƙarya ne, kuma akwai doka a rubuce da ke ƙaryata shi.

Dokar ta girmi Absher nesa ba kusa ba. A watan Shawwal na 1409, wato 1989, zamanin Sarki Fahad, aka fitar da umarnin sarauta biyu a rana ɗaya: mai lamba M/54 ya kafa dokar takardu da ajiyayyun bayanan hukuma, mai lamba M/55 kuma ya kafa cibiyar ƙasa mai kula da su, wadda ke Riyadh. Dokar ta hau kan hukumomin gwamnati gaba ɗaya, daga ma'aikatu zuwa kotuna da baladiyya, wato hukumar birni. Ta kasa takardu gida uku ta fuskar aikinsu: na gudanarwa, na kuɗi, da na ainihin sana'ar kowace hukuma. Sai ta sake raba su biyu, kuma nan ne zancenmu yake: waɗanda ba a yarda a lalata su ba har abada, da waɗanda za a iya lalatawa idan wa'adinsu ya cika.

Me ke shiga kashi na farko? Takardun da ke tabbatar da mallaka, ta gwamnati ce ko ta mutum. Takardun da ke kare haƙƙin gwamnati a kan mutane, da haƙƙin mutane a kan gwamnati. Dokoki da tsare-tsare, da abin da ke riƙe da tarihin ƙasa da na hukumar kanta. Ke nan sakkin gidan Hajiya yana cikin rukunin da shugaban ofis, komai girmansa, ba shi da ikon sa hannu a kai shi injin yanka takarda. Abin da mai saƙon murya ya ce za a fara ƙonewa shi ne ainihin abin da doka ta fi tsarewa.

Kashi na biyu su ne tarkacen aikin yau da kullum: kwafe-kwafen wasiƙa da aka maimaita, takardun da aka gama aikinsu ba su kafa wa kowa haƙƙi ba, da makamantansu. Waɗannan kam ana lalata su, kuma ya kamata a lalata su. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiya na babban ofis ya san cewa in aka ce a ajiye komai, ranar da ake neman takarda mai amfani ba za a same ta ba.

Sai dai ko su ba a tashi rana tsaka a kwashe su. Takarda kan fara rayuwarta a teburin da ake aiki da ita kullum. In buƙatarta ta ja baya, a mayar da ita ɗakin ajiya na hukumar. Kowane irin takarda yana da wa'adinsa a rubuce, kuma ba ma'aikaci ɗaya ke yanka wa'adin da ka ba: hukuma na da kwamitin takardu, cibiyar Riyadh kuma ita ke amincewa da jerin wa'adin, ita ce kuma doka ta ɗora wa sa ido a kan lalatawar. Ranar da za a lalata, kwamiti ne ke zama, a rubuta jerin abin da zai tafi, a sa hannu a mahdar, wato rahoton zaman, sannan a ajiye wannan mahdar ɗin. Takarda na iya tafiya, amma shaidar cewa ta taɓa wanzuwa da ranar da aka lalata ta suna nan.

Game da komawa kwamfuta kuwa, Ma'aikatar Shari'a ta yi shekaru tana ɗaukar tsofaffin sakkoki da kundayen kotu tana shigar da su na'ura, kuma mai tsohon sakki na takarda yana iya neman a sabunta masa shi ya zama na lantarki ta shafukan ma'aikatar. Wannan ƙarin gida ne aka yi wa haƙƙin. Ina kyautata zaton daga nan jita-jitar ta samo tushe: wani ya ji an ce "a sabunta sakki", ya fassara shi da "tsohon ya mutu".

Abin da ya fi damuna ba ƙonawar ba ce. Tayin da aka yi wa Hajiya ne, na a "ciro mata fayil". A nan ne mutum zai jefa kansa ko ɗan'uwansa cikin masifar da ba ta da iyaka, domin akwai doka ta biyu wadda yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba.

A 1432, wato 2011, umarnin sarauta mai lamba M/35 ya kafa dokar hukunta yaɗa takardu da bayanan sirri. Hukuncinta ɗauri har shekara 20, ko tara har riyal miliyan ɗaya, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Ta hana fitar da takardar sirri daga ofis, ta hana ajiye ta inda ba wurinta ba, ta hana kwafe ta ko ɗaukar hotonta a waje sai bisa ƙa'idar da cibiyar Riyadh ta gindaya. Ta kama wanda ya yaɗa, da wanda ya shiga inda ba a ba shi izini ba don ya samo ta, da wanda ya same ta ta haramtacciyar hanya. Wanda ya haɗa baki, ko ya zuga, ko ya taimaka, shi ma hukuncin ya hau kansa. Ka ga ke nan mai biyan kuɗi a ciro masa fayil bai tsira ba.

Wani zai ce ai wannan ta manyan ma'aikata ce masu ofis da kwandishan. Ba haka ba ne, kuma nan nake so 'yan'uwa masu aikin shara, da farrashai masu hidimar ofis, da direbobi, da masu gadi su buɗe kunne. Dokar ta lissafa a matsayin ma'aikacin gwamnati har da mai aikin wucin gadi, da wanda hukuma ta ɗora wa wani aiki, da ma'aikatan kamfanonin da ke gudanar da wuraren gwamnati ko kula da su. Yaronmu da kamfanin tsafta ya tura wani ofis, yana sanye da kakin kamfani, albashinsa daga kafili mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar yake fitowa, a idon wannan doka zai iya zama daidai da mai riƙe da makullin ɗakin ajiya. Kuma barin aiki ba ya warware igiyar: hanin yana bin mutum har bayan ya ajiye aikin.

Akwai sakin layi ɗaya da ake yawan juya shi. Dokar ta ambaci wanda ya lalata takardar sirri da gangan. Sai wasu suka mayar da shi "ka zubar da takarda a kwandon ofis, shekara ashirin". A'a. Sharuɗɗa ne a jere: takardar ta zama ta sirri, lalatawar ta zama da gangan, mutum ya san ta shafi tsaron ƙasa ko wata maslahar jama'a, kuma nufinsa ya cutar da ƙasar. Mai shara da ya kwashe abin da aka tara masa a kwando bai cika waɗannan sharuɗɗan ba. Shekara 20 ɗin ma ita ce ƙololuwa, kuma dokar da kanta ta ce alƙali ya auna girman laifi da hukunci, ya duba abin da ke sassautawa da abin da ke tsanantawa, irin su aikata laifin lokacin yaƙi ko don wata ƙasa.

Hatsarin yana ta ɗaya ɓangaren: ɗauka da ɗaukar hoto. Takardar da ke jiran injin yanka ba ta zama yasasshiya ba, har yanzu ta hukuma ce. Kada ka ɗebi 'yan shafuka ka naɗe burodi ko ka kai wa yara su yi rubutu a bayansu. Kada ka ɗauki hoton wata takarda don ka ga sunan ɗan garinku a kai ka tura masa ta WhatsApp don kyautatawa. Kyakkyawar niyya ba za ta goge hoton daga wayar ba.

A nan zan faɗi abin da ke raina. Ban ƙi a tsare sirrin ƙasa ba, ko wace ƙasa tana yi. Amma an bayyana takardar sirri da cewa wadda bayyana ta zai cutar da tsaron ƙasa ko maslaharta ko manufofinta ko haƙƙoƙinta, kuma wannan riga ce mai faɗi ƙwarai. Sannan cikin laifukan akwai gazawa wajen kiyaye sirrin, ba tare da an ɗaure ta da sharaɗin mugun nufi ba. Ma'aikacin da ya yi karatu, aka horar da shi, ya san hatimin "sirri" in ya gan shi. Yaron da ya zo daga ƙauye, bai iya karanta Larabcin ofis ba, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani ranar da ya fara aiki, shi ma doka ɗaya ce ke kansa. Kamfanin da ya tura shi ya kamata ya ɗauki nauyin faɗakar da shi da harshen da yake ji.

Akwai kuma ƙanwar waccan jita-jitar, mai daɗin ji: wai basma, wato zanen yatsan da ake ɗauka na wanda aka kora daga ƙasar, tana gogewa da kanta bayan 'yan shekaru, ko kuma sabuwar dokar bayanan mutum ta ba kowa damar ya ce a share sunansa. Dokar kare bayanan mutum gaskiya ce, an fitar da ita a 2021, ta fara aiki a Satumbar 2023, hukumar bayanai ta ƙasa, SDAIA, ke kula da ita, kuma ta ba mutum damar neman a lalata bayanansa in buƙatarsu ta ƙare. Amma ita ɗin ce ta ce a ci gaba da riƙe su idan wata doka ta wajabta ajiye su na wani lokaci, ko suna da alaƙa da shari'ar da ke gaban kotu. Ba ƙofa ba ce ta share tarihin tarhil, wato kora daga ƙasar. Haka kuma wa'adin hana shiga ƙasa, kamar shekara 10 da aka sanar ga baƙon da aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba tasrihi, wato izinin Hajji, wa'adin hukunci ne. Cikarsa daban, goge rubutu daban. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai goge maka basma, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma yana gayyatarka laifin da ya fi wanda kake gudu.

Inda tsarin nan ya bar mutanenmu a baya wani wuri ne daban, kuma mai saƙon murya bai taɓo shi ba. Doka tana tsare abin da aka rubuta. Yaran da aka haifa a ɗaki a lungunan Makka ba a kai su an yi musu shaidar haihuwa ba saboda iyaye na tsoron jawazat, hukumar shige da fice, da auren da aka ɗaura a zaure da goro da shaidu ba a kai kotu ba, da gidan da aka saya da 'yar takardar hannu tsakanin amintattu, duk waɗannan ba su da fayil da za a ƙone, ba su kuma da fayil da za a tsare. Na san gidajen da wannan ya kai jika na uku. Kariyar da na yi ta yabo a sama ba ta isa gare su ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai fiye da duk wata jita-jita.

Ita Hajiya, mun zazzage jakar a kan tabarma. Sakkin na nan, ya yi ja don tsufa amma lambarsa da ranarsa da sunan kotun da ta bayar duk suna karantuwa, kuma da waɗannan ukun ake nemo asalin rubutun a kundin hukuma ko da takardar hannu ta ɓace. Na rubuta mata su a littafi dabam, muka ɗauki hoton takardunta, waɗanda nata ne halak malak, muka tura wa babban ɗanta a Madina. Na ce duk ofishin da ta je, kada ta fito sai da lambar mu'amala, wato lambar da aka yi wa buƙatarta rajista, a hannu. Ta ce, "To shi mai neman kuɗin fa?" Na ce, "Hajiya, ki bar ni da shi." Ranar Lahadi ɗan zai zo su fara neman sabunta sakkin da raba gado ta hanyar kotu.