Tasirin magani kan saƙonnin garkuwar jiki a ɓerayen gwajin amosanin gaɓɓai

A nau'in amosanin gaɓɓai da ake kira rheumatoid arthritis, garkuwar jiki ce ke juyawa kan gaɓoɓi, su kumbura, guringuntsi da ƙashi su riƙa zaizayewa. Ƙwayoyin garkuwa suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin, irin su TNF da IL-1 da IL-6. Masu bincike kan haddasa ciwon a jikin ɓeraye domin su ga abin da zai faru idan magani ya katse waɗannan saƙonni.

Tarihi

A 1956 Carl Pearson ya nuna cewa allurar haɗin Freund, mai ɗauke da matattun ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka, tana kumbura gaɓoɓin ɓeraye masu girman jiki (rat a Turance). A 1977 David Trentham da abokan aikinsa suka samu irin wannan sakamako da kolajin nau'i na II, furotin ɗin guringuntsi, kuma wajen 1980 aka kai dabarar kan ɓeraye masu ƙaramin jiki (mouse a Turance). Jinsin DBA/1 ne aka fi amfani da shi. Ƙafafu sukan fara kumbura makonni 3 zuwa 5 bayan allura.

Babban ci gaba ya zo a 1992, lokacin da Richard Williams da Marc Feldmann da Ravinder Maini na Cibiyar Kennedy, wadda a lokacin take Landan, suka toshe TNF a irin waɗannan ɓeraye. Kumburi ya ragu, lalacewar gaɓa ma haka, ko da an fara maganin bayan ciwon ya bayyana. Wannan na da muhimmanci, domin majiyyaci ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya kama shi. A 1993 aka buga sakamakon gwajin farko na infliximab, maganin da ke toshe TNF, a kan mutane 20.

Sauran magunguna

Tofacitinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2012, yana toshe hanyar JAK, wato hanyar da saƙo ke bi a cikin ƙwayar halitta, saƙon IL-6 ya kasa isa. Ana ganin maganin methotrexate yana rage kumburi ta hanyar adenosin, wani sinadari da jiki ke samarwa.

Iyakar gwajin

Ɓera ba mutum ba ne. Toshe IL-1 ya kare guringuntsin ɓeraye ƙwarai, amma a jikin mutane maganin anakinra, mai toshe IL-1, bai kai masu toshe TNF ƙarfi ba. Masana sun bambanta kan dalili.