Percolator: butar kofi da kalmarta a Turancin yau da kullum

Percolator, wadda ake furtawa kusan "fakoleta", sunan wata butar dafa kofi ce da ta yi tashe a gidajen Amurka tun farkon ƙarni na 20 har zuwa shekarun 1970. Yau ba kowane gida ke da ita ba, amma aikatau ɗin da ke tare da ita, wato "percolate", yana nan daram a bakin masu Turanci, har da waɗanda ba su taɓa ɗora butar a wuta ba.

Asalin kalmar

Tushenta Latin ne: "per" na nufin ta cikin abu, "colare" kuma tacewa. Daga tushen nan aka sami "colander", rariyar da ake tsane taliya da ita. Kalmar "percolate" ta shiga Turanci tun ƙarni na 17, kusan shekara 200 kafin a ƙera butar, da ma'anar ruwa ya bi ta ƙananan kafofi, kamar yadda ruwan sama ke ratsa yashi. Ke nan buta ce ta ari sunanta daga kalmar. Mutane da yawa kan ɗauka akasin haka, kuma suna da uzuri, domin butar ce ta ba kalmar hoton da ido ke gani.

Yadda take aiki

Ruwa a ƙasa yake zama. Wani siririn bututu na tashi daga gindin butar zuwa sama, yana ɗauke da ɗan kwando mai huji-huji inda ake zuba garin kofi mai tsaki-tsaki, don mai laushi zai zurare cikin ruwan. Idan wuta ta kama, kumfar tururi kan tunkuɗo ruwa ta cikin bututun, ya fantsama a kan garin, ya ratsa shi, ya ɗigo ƙasa, ya sake hawa. A kan murfin akwai ɗan ƙulli na gilashi. Nan mai dafawa ke zuba ido: da fari ruwan da ke bugunsa fari ne tas, sai ya koma ruwan zuma, sai ya yi duhu, kowane bugu da 'yar ƙararsa, ƙamshi kuwa ya riga ya cika gida.

Aibinta ma a nan yake. Kofin da ya riga ya dahu yana ta komawa kan garin, ga zafin ya kai na tafasa, alhali masana kofi sun fi son ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Celsius. In aka yi sakaci, sai ɗaci.

Tarihi

Wani maƙerin gwangwani a birnin Faris mai suna Laurens ya ƙera buta mai tura ruwa sama ta bututu a 1819. A Amurka, James Nason ya yi rajistar tasa a 1865, amma irin wadda aka fi sani, ta ɗorawa a murhu, Hanson Goodrich ne, wani manomi a jihar Illinois, ya yi rajistarta a 1889. Daga baya masu aiki da lantarki suka biyo. Kasuwarta ta soma faɗuwa a 1972, da fitowar na'urar Mr. Coffee, wadda ruwa ke ratsa garin sau ɗaya tak ta cikin takardar tacewa. Har yanzu masu kwana a daji don shaƙatawa na riƙe da percolator, kuma manyanta na aiki a ɗakunan taro. Wasu kan kira butar moka ta Italiya, wadda Alfonso Bialetti ya fitar a 1933, da wannan suna, amma ita ruwanta ba ya zagayawa.

A cikin magana

Idan Ba'amurke ya ce "let it percolate", nufinsa a bar tunani ya tsimu, kada a yi gaggawar yanke hukunci, kamar mu ce a kwana da maganar. Kalma ce mai daɗin amfani, don tana nuna cewa aiki na gudana ko da mutum yana zaune shiru. Ana kuma cewa labari ya yi "percolate" cikin gari, wato ya bazu sannu a hankali. Idan aka ƙara "up", daga ƙasa abin ya taso zuwa ga shugabanni. Idan "down" ne, daga sama ya gangaro.

Akwai gajeren siga, "perk", da dattawa ke faɗi game da kofin da aka dafa a butar. Kada a haɗa shi da "perk up", wato wartsakewa, wanda ya girmi butar nesa ba kusa ba, ko da "perk" mai nufin alfarmar da ma'aikaci ke samu ban da albashi, wanda aka gutsuro daga "perquisite".

Ma'anar farko ma ba ta mutu ba. Kafin a haƙa ramin masai a karkarar Amurka, ana yin abin da ake kira "perc test" don auna saurin da ƙasa ke shanye ruwa. A lissafi kuma akwai fannin da wasu masana biyu, Broadbent da Hammersley, suka assasa a 1957 da sunan "percolation", mai nazarin yadda ruwa ke samun hanya ta cikin abu mai kafofi.