Gonar da aka jinginar a shekarar fari

Da zarar ruwa ya janye daga fadamun Argungu da Augie da Suru a jihar Kebbi, aka soma gyaran wurin shinkafar rani, sai ƙarar gona ta cika zauren hakimi da gaban alƙali. Wasu na ɗora abin a kan yawan jama'a, wasu na cewa kuɗin shinkafa ne ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Kowa da gaskiyarsa, amma rigimar nan ta girmi kasuwar shinkafa nesa ba kusa ba.

Tarihin doka sananne ne. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dokar 1910 ta sa filayen Arewa a hannun hukuma, ta 1962 ta bi sawunta, ta 1978 ta game Nijeriya duka. A ƙauye kuwa iyakar gona ba ta canja ba: layin gamba ne, ko jema a fadama, ko wata tsamiya, takardarta kuma ita ce bakin dattawa.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne farin 1972 zuwa 1974. Kafin nan gandu na da ƙarfi. Uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kowa na da 'yar gayaunarsa a gefe. Ko uba ya rasu, sau da yawa babban wa ne ke riƙe gandun ba tare da an raba ba. Da rumbu ya ƙare, sai samari suka bazu cirani, wasu Ibadan, wasu Legas, da dama ba su dawo da zama ba. Magidancin da aka bari da iyali ya jinginar da gonarsa a kan damman gero. Wani ya ba maƙwabci aron tasa don kada ta koma saura. An yi haka a gaban mutum biyu ko uku, bayan sallar la'asar, babu alƙalami. Kuma wa zai zarge su? Mai neman abin da yara za su ci da dare ba ya tunanin jikan da ba a haifa ba.

Jingina ba ta da wa'adi. Mai kuɗi zai yi ta noma har ranar da aka biya shi, kuma farin 1984 ya sake zuwa kafin mutane da yawa su fanshi nasu. Shekara ta bi shekara, wanda ya karɓi aro ya zuba taki, ya dasa mangwaro, ya rasu. 'Ya'yansa suka tashi suka ga ubansu a gonar, suka sa ta cikin gado, malami ya raba musu yadda shari'a ta ce, namiji kaso biyu, mace ɗaya. Rabon daidai ne, abin da aka raba ne ba nasu ba. Yanzu an yi rabo na biyu a kan na farko, gona guda ta zama filaye takwas ko goma, wasu ma an sayar wa baƙo da takardar hannu wadda ba ta faɗi faɗi ko tsawo ba, sai dai “gabas da gonar wane”.

Sauran labarin gajere ne. Jama'ar Kebbi sun tashi daga kimanin miliyan 2 a ƙidayar 1991 zuwa sama da miliyan 3 a 2006. Injin ban-ruwa ya mai da fadama zinariya, shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ya ƙara mata daraja, ambaliyar 2020 ta share iyakoki da yawa. Jikan ɗan cirani ya dawo neman gonar kakansa, ya tarar da mutanen da su ma a nan aka haife su.

Alƙali zai nemi shaida, in babu a koma ga rantsuwa. Saurayi ɗan shekara 20 da aka aika ya ɗauko damman geron nan a 1973 ya haura 70 yau, kuma a ƙauyuka da yawa shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ji abin da aka faɗa a wurin.