Cape Cross

Cape Cross wani ɗan tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin Tekun Atilantika a gaɓar yammacin Namibiya, cikin yankin Erongo. Yana kimanin kilomita 60 arewa da garin Henties Bay, da kimanin kilomita 120 arewa da Swakopmund. An san shi da abubuwa biyu: ɗaya daga cikin manyan matattarar karnukan teku a duniya, da kuma ginshiƙin dutse mai gicciye da matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Diogo Cão, ya kafa a wurin a ƙarshen ƙarni na 15. Daga wannan gicciye ne wurin ya samo sunansa. Tun 1968 gwamnati ta keɓe shi a matsayin gandun kare karnukan teku, mai faɗin murabba'in kilomita 60.

Yanayin ƙasa

Wanda ya nufi wurin daga kudu zai bi hanyar C34, wadda daga Henties Bay zuwa arewa aka daɓe ta da gishiri da ƙasa maimakon kwalta. Teku na hagu, hamadar Namib na dama, babu itace, babu inuwa, babu ƙauye. Tsinin kansa ba tsauni ba ne. Baƙaƙen duwatsu ne marasa tsayi da suka tsaya wa igiyar ruwa, bayansu fili mai tsakuwa, kudu da su kuma babbar fadamar gishiri da wasu tafkuna da yashi ya raba su da teku.

Ruwan sama a nan ɗan kaɗan ne ƙwarai, shekara kan wuce ba a ga abin kirki ba. Dalilin yana cikin teku. Igiyar Benguela, wato kwararar ruwan teku da ke bin wannan gaɓa, tana gangarowa da ruwa mai sanyi daga kudu, iskar gaɓa kuma tana ture ruwan saman teku zuwa waje, sai na ƙasa mai tsananin sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Iskar da ke kan ruwa mai sanyi ba ta tashi sama balle ta haɗa hadari. Abin da take haifarwa shi ne hazo, ba irin na ƙura ba, na laima, wanda kan lulluɓe gaɓar da safe har mutum bai ganin abin da ke gabansa. Wannan hazo, da duwatsun ƙarƙashin ruwa, da igiya mai ƙarfi, su suka halaka jiragen ruwa masu yawa a wannan gaɓa, har aka yi mata laƙabi da Gaɓar Ƙwarangwal.

Sai dai ruwan da ya hana ƙasa tsiro shi ya ƙosar da teku. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa yana ɗauke da sinadaran da ƙananan tsirran teku ke ci, kifi ya ci tsirran, tsuntsaye da karnukan teku su ci kifin. Duk rayuwar da ake gani a Cape Cross daga nan take, har da ta dila da kura waɗanda ba su taɓa shiga ruwa ba.

Karnukan teku

Dabbar da ake kira karen teku a nan ba kare ba ce, kuma ba karen ruwan kogi ba ce. Dabba ce mai shayarwa, mai ƙananan kunnuwa a waje da gashi riɓi biyu, ƙafafunta sun zama kamar filafilai. Sunanta na kimiyya Arctocephalus pusillus pusillus, kuma ana samunta daga kudancin Angola, ta gaɓar Namibiya, har zuwa Afirka ta Kudu. Tana iya lanƙwaso ƙafafun baya ta yi tafiya a kan dutse, abin da wasu danginta ba sa iyawa.

A yawancin watanni ana ƙiyasta waɗanda ke Cape Cross tsakanin 80,000 da 100,000, a lokacin haihuwa kuwa sukan haura 200,000. Baƙo kan ji su kafin ya gan su. Kukansu kamar na garken tumaki da awaki ne da ba shi da iyaka, warin kuwa, na kashi da mushe da kifi, yana kama tufafi ya bi mutum har mota. Duk da haka da wuya a sami wanda ya tsaya a gabansu bai yi shiru ba: daga bakin duwatsu har cikin kumfar ruwa, ƙasa ce take motsi.

Shekararsu tana da tsari. Wajen tsakiyar Oktoba manyan maza ke fitowa daga teku, sun yi ƙiba har wani kan kai kilo 360. Kowane ya kama fili ya tsare shi da faɗa, kuma makonni yake yi ba ya komawa neman abinci, don in ya tashi wani zai gaje wurin. Kafin lokacin ya wuce ya zube sosai. Mata, waɗanda nauyinsu bai cika wuce kilo 75 ba, suna isowa da ciki, su haihu daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, kowace ɗa ɗaya, baƙi wuluk, mai nauyin kilo 5 zuwa 7. Namiji ɗaya kan tara mata 5 zuwa 25 a filinsa.

Kwanaki kaɗan bayan haihuwa macen takan sake ɗaukar ciki. Abin mamaki shi ne ƙwan ba ya fara girma nan take. Yakan dakata kimanin wata huɗu, sannan ya yi wata takwas yana girma, ta yadda haihuwa za ta sake faɗowa daidai lokacin da ta faɗo bara. Tsakanin nan uwar tana shiga teku kwanaki tana kiwo, ta dawo ta nemi ɗanta cikin dubban 'ya'ya masu kama ɗaya. Da murya take kiransa, shi ma ya amsa, in sun haɗu ta shinshina shi ta tabbatar. Ɗan wata in ya matso neman nono, kora yake sha.

Ba duka ke rayuwa ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na 'ya'yan kan mutu tun suna ƙanana: wasu manyan maza ne ke danne su a cikin faɗa, wasu zafin rana, wasu uwa ce ta tafi ba ta dawo ba. Shekarar da kifi ya yi ƙaranci, asarar takan wuce haka nesa, kamar yadda aka gani a 1994 lokacin da yunwa ta kashe su da yawa a gaɓar Namibiya. Ga kuma sabuwar masifa ta zaren kamun kifi da igiyar roba, waɗanda ke sarƙe wuyan ƙaramin dabba, yana girma suna yanka shi.

Sauran halittu

Dila mai baƙin baya yana yawo a gefen garken da rana tsaka, ba ya ko ɓuya. Kura mai ruwan ƙasa, mai dogon gashi, da dare take zuwa, sai dai a ga sawunta da safe. A tafkunan gishiri akwai filamingo da tsuntsaye masu ƙaura da ke zuwa daga arewacin duniya, an kuma kafa dandamalin katako a cikin ruwan domin tsuntsayen komoran masu cin kifi su sauka, a riƙa kwashe kashinsu don taki. Ƙaramar tsuntsuwar teku ta Damara, wadda akasarin irinta a gaɓar Namibiya suke hayayyafa, takan saka ƙwai ɗaya tak a ɗan rami kan tsakuwa, babu sheƙa.

Filin da ke bayan gaɓa, wanda ido ke ɗauka fako ne, lulluɓe yake da gansakukar dutse, halittar da ba ta da saiwa, da hazo kawai take sha. Da rana takan bushe ta yi launin toka, hazo na sauka ta buɗe ta koma kore da ruwan lemo. Girmanta a shekara bai wuce 'yan milimita ba, shi ya sa sawun tayar mota ɗaya kan daɗe shekaru da dama bai goge ba. Saboda haka aka hana sauka daga kan hanya, kuma wannan doka ta cancanci a bi ta ko babu mai gani.

Ginshiƙin Diogo Cão

Sarki João na Biyu na Fotugal yana neman hanyar teku da za ta zagaye Afirka zuwa Indiya. Ya aiki Diogo Cão, wanda a tafiyarsa ta farko ya isa bakin Kogin Kongo. Jiragensa suna ɗauke da ginshiƙan farin dutse da aka sassaƙa tun daga gida, ana kiran kowane padrão, da tambarin Fotugal a jiki da gicciye a kai. Amfaninsu biyu: shelar cewa sarki ya mallaki wurin, da zama alama ga matuƙan da za su biyo baya. A tafiyarsa ta biyu Cão ya kafa ɗaya a wannan tsini. Rubutun jikinsa, da Latin da Fotugis, ya ambaci shekarar 1485, masana tarihi da yawa kuma suna sa saukar tasa a farkon 1486. Fotugis suka kira wurin Cabo do Padrão. Cão bai yi nisa daga nan ba. Wata taswira da Henricus Martellus ya zana wajen 1489 ta nuna cewa a wannan gaɓa ya mutu. Bartolomeu Dias, wani matuƙin Fotugal, shi ne ya ci gaba da aikin, ya zagaya ƙarshen Afirka a 1488.

Ginshiƙin ya yi shekara fiye da 400 a tsaye cikin iska da gishiri. A 1893, bayan ƙasar ta shiga hannun Jamus, kyaftin Gottlieb Becker na jirgin yaƙi Falke ya tumɓuke shi, ya bar gicciyen katako a gurbinsa. Aka kai dutsen birnin Kiel na Jamus, daga baya Balin. A 1895, bisa umarnin Sarki Wilhelm na Biyu na Jamus, aka kafa kwafinsa na dutse, aka ƙara masa tambarin mikiyar Jamus, wato sabon mai iko ya ɗora hatiminsa a kan na tsohon. A 1980 aka kafa kwafi na biyu a daidai inda ake ganin na asali ya tsaya. Shi ya sa gicciye biyu ne a wurin yau, kuma babu na Cão a cikinsu.

Namibiya ta sami 'yanci a 1990, ta kuma nemi a maido mata da dutsen a hukumance a 2017. A watan Mayun 2019 gidan tarihin Jamus da ke Balin ya amince, a watan Agusta na shekarar aka sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Walvis Bay. Turawa ne suka sassaƙa shi, shelar mallaka ce kuma a jikinsa, amma a ƙasar Namibiya aka ɗauke shi ba da yardar kowa ba, kuma tarihin da yake ba da shaida a kai nata ne.

Taki, fata da gishiri

A 1895 wani kamfanin Birtaniya, Damaraland Guano Company, ya fara haƙar tsohon kashin tsuntsaye da ya taru a yankin, wanda manoman Turai ke saye da tsada. Domin kai shi bakin ruwa aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 21, na farko a duk Namibiya. Ruwan sha da abinci da jirgi ake kawo su, kuma ma'aikata da yawa sun mutu saboda wahala da cuta. Zuwa 1903 takin ya ƙare, kamfanin ya tattara ya tafi. Abin da ya rage shi ne 'yar maƙabarta mai gicciyen katako da tsatsattsun ƙarafa cikin gishiri.

Farautar karnukan teku ita ce ba ta tsaya ba, kuma ita ce abin da ya fi jawo gardama game da wurin. Gwamnati na ba da izini daga Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba, a wasu shekaru adadin ya kai 'ya'ya 80,000 da maza 6,000 a duk ƙasar, ko da yake abin da ake kashewa kan gaza haka. Ana yi da sassafe kafin a buɗe wa baƙi ƙofa: 'ya'yan da kulki, mazan da bindiga, don fata da kitse da wasu sassan jiki da ake kaiwa Asiya. Hujjar hukuma ita ce dabbobin sun yi yawa, suna cin kifin da masunta ke nema, aikin kuma yana ciyar da wasu iyalai. Masu adawa na cewa jiragen kamun kifi ne suka rage kifin, kuma dukan ɗan da bai bar nono ba zalunci ne. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan karnukan teku a 2009, kasuwar ta ragu sosai. Yana da wuya mutum ya kalli uwa tana neman ɗanta cikin wannan taro, sannan zancen kulkin ya kwanta masa a rai.

Ziyara

Ana biyan kuɗin shiga a ofishin gandun, kuma an yi gadar katako mai shinge a gefen garken don a gani ba tare da an firgita su ba. Akwai masauki ɗaya kusa da wurin. Ƙasar da ke kewaye tana cikin Gandun Dorob, wanda aka kafa a 2010, can cikin hamada kuma akwai ramin tsohon dutse mai aman wuta na Messum da tsaunin Brandberg, mafi tsayi a ƙasar. A bakin hanya, kafin a iso, ma'aikatan gishiri kan jera dunƙulen gishiri mai ruwan hoda a kan ƙananan tebura, da farashi a rubuce da gwangwani a gefe. Babu mai tsaro, mai saye ya ɗauka ya jefa kuɗin a ciki.