Faya-fayan wasan kai tsaye na kiɗan rok mai salon okestira

Waɗannan faya-fayai ne da aka naɗa a gaban 'yan kallo, a zauren wasa ko filin taro, na wani reshen kiɗan rok da Turawa ke kira symphonic prog. Salon ya taso a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1960, ya yi tashe har tsakiyar shekarun 1970. An san shi da dogayen waƙoƙi masu rassa, wata ta kai minti ashirin, da aron tsari daga kiɗan gargajiyar Turai na okestira, wato babbar tawagar masu goge da masu busa.

Asali

Abin da ya sha wa makaɗan kai shi ne yadda mutum huɗu ko biyar za su fitar da amon tawaga guda a kan dandamali. Wasu sun ɗauko tawagar ce ɗungurungum. A 24 ga Satumba 1969 ƙungiyar Deep Purple ta yi wasa da Royal Philharmonic Orchestra a zauren Royal Albert Hall na Landan, Malcolm Arnold na jagorantar makaɗan, aka fitar da shi da sunan Concerto for Group and Orchestra. Wata guda bai cika ba The Nice ta naɗa Five Bridges a Croydon. Procol Harum kuwa Kanada ta tafi, ta naɗa nata da okestirar birnin Edmonton a Nuwamba 1971, kuma daga nan waƙar “Conquistador” ta samu karɓuwar da ba ta samu ba a fitowarta ta farko.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin kasuwa a wannan layi shi ne Journey to the Centre of the Earth na Rick Wakeman, makaɗin fiyano da ogan na ƙungiyar Yes a lokacin. An naɗa shi a Royal Festival Hall ranar 18 ga Janairu 1974, da London Symphony Orchestra da mawaƙan amshi da mai ba da labari, David Hemmings. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Da yawa daga cikin sauran sun dogara da Mellotron. Na'ura ce mai kama da ƙaramin fiyano, amma ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren tef ɗauke da sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane. In an danna, tef ɗin ya yi kusan daƙiƙa takwas ya ƙare, sai mai kiɗa ya ɗaga yatsa ya koma farko. Zafi da rawar wutar lantarki kan karkatar da muryarta, ga nauyin tsiya wajen ɗauka. Wannan 'yar karkata ana jin ta a naɗe-naɗen lokacin, har masoya suka mayar da ita abin so.

Manyan faya-fayai

Emerson, Lake & Palmer sun naɗa Pictures at an Exhibition a zauren birnin Newcastle ranar 26 ga Maris 1971. Kiɗan fiyano ne da Mussorgsky, ɗan Rasha, ya rubuta a 1874, suka juya shi da jita da ganguna da na'urar Moog mai haɗa sauti da lantarki. Keith Emerson ya buɗe wasan da babbar ogan ɗin zauren.

Yessongs na ƙungiyar Yes ya fito a 1973, faifan garmaho uku cikin kwali mai zanen Roger Dean. An tattaro shi daga wasannin 1972, shekarar da Bill Bruford ya bar ganga Alan White ya gaje shi, shi ya sa ake jin hannun su biyun a ciki. An daɗe ana kukan cewa sautinsa a dushe yake. A 2015 aka koma kan tef-tef na wannan rangadi aka fitar da wasanni bakwai cikakku a faifan CD 14, da sunan Progeny.

Gefe ɗaya na garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai, kuma wannan ne ke yanke abin da zai shiga. Genesis Live na ƙungiyar Genesis, na 1973, faifai ɗaya ne, don haka aka bar “Supper's Ready” mai kusan minti 23 a waje. Sai a Seconds Out na 1977, wanda akasarinsa a Faris aka naɗa, ta samu gefe guda ita kaɗai, amma da muryar Phil Collins, domin mawaƙinsu na farko, Peter Gabriel, ya riga ya tafi tun 1975.

Earthbound na King Crimson, 1972, a kaset aka ɗauke shi, kuma kunne na shaida haka.

Gyara a situdiyo

Ana taƙaddama kan yawan gyaran da aka yi wa wasu faya-fayan bayan wasa. Wasu na ganin gyaran kuskure ba laifi ba ne, wasu na cewa ya ɓata sunan “kai tsaye”.

Ja baya

Yawo da okestira na cin kuɗi. A rangadin Amurka ta Arewa na 1977, Emerson, Lake & Palmer sun tafi da tasu tawagar, suka sallame ta bayan wasanni kaɗan, sai a wasu manyan wurare kamar filin Olamfik na Montreal, inda aka naɗa wasan. A daidai lokacin kuma kiɗan punk mai gajerun waƙoƙi ya ja hankalin matasan Birtaniya.

Da yawa daga cikin abin da ke fitowa yanzu tsofaffin naɗe-naɗe ne da aka tono daga ma'ajiya aka sake tacewa.