Awon igiya da hanyar unguwa: abin da doka ta ce

Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, kuma tun daga lokacin gonakin bakin gari suke komawa fulotai. Haka abin yake a Gusau da Birnin Kebbi. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka, kowa ya kafa tubalinsa. Hanya kuwa sai abin da ya rage, lungun da Keke Napep ke shiga da ƙyar, wani ma a tafi a tafi a tarar da katanga.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi ne ke ayyana inda ake kira birni, kuma filayen ciki suna ƙarƙashinsa. Na karkara ƙaramar hukuma ke kula da su. Sashe na 36 ya yi magana a kan gonakin karkara da mutane suka riƙa tun kafin dokar: ka ci gaba da nomanka, amma ba a yarda a yanka su fulotai ba. Takardar cinikin irin wannan fili ba ta da ƙarfi, kuma akwai tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Tarar ta tsufa, haramcin yana nan.

Izinin gini kuma batun jiha ne. An yi dokar tsara birane ta ƙasa a 1992, sai Kotun Ƙoli a 2003, a ƙarar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta ce wannan hurumin jihohi ne. Don haka hukumar tsara birane ta jiharku ce ke duba taswirar rabon fili, ta tabbatar an bar tituna masu haɗuwa da juna, da magudanan ruwa, da wurin makaranta, kafin a sayar da ko taku ɗaya.

A nan ne abin yake ci mini rai. Titi ba ya tsirowa daga baya. Unguwar da ƙofarta ɗaya ce zuwa babban titi, yaron da makarantarsa ke bayan gidansu sai ya yi dogon zagaye, motar kashe gobara ta tsaya nesa, mai naƙuda a tallafo ta har bakin kwalta. Garin kuma ya yi ta miƙewa, famfo da wuta suna biye a baya.

In gwamnati ta zo fasa hanya, sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke haƙƙin fili don amfanin jama'a. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka da kuɗin hayar ƙasa na shekarar, ba kuɗin da ka ba dillali ba.

Kafin ka biya, ka nemi taswirar da hukuma ta sa wa hannu, ka kai lambar fulotin ma'aikatar ƙasa a duba. Sannan ka taka hanyar da ƙafarka, ka ga inda take ɓullewa.