Waiwaye: rigimar kuɗi a wasan golf ta girmi gasar LIV da fiye da ƙarni guda

Tun watan Yunin 2022 masoya golf suke ta ja-in-ja. A watan ne aka buga zagayen farko na LIV, sabuwar gasar da ke gogayya da PGA Tour (babbar ƙungiyar gasannin ƙwararru ta Amurka), a filin Centurion da ke kusa da Landan, da tallafin asusun zuba jari na Saudiyya. An sa dala miliyan 25, Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya lashe dala miliyan 4 a cikin kwana uku. Wasu suka ce kuɗi ya ɓata wasa mai mutunci, wasu kuma suka ce ai ɗan wasa yana da 'yancin kai gwanintarsa inda za a fi biyansa. Ko yarjejeniyar sulhun da aka sanar tsakanin PGA Tour da asusun na Saudiyya a Yunin 2023 ba ta kashe maganar ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan gardama ta wa ke buga wasa da wa ke da gasa ta faro ne tun daga babbar gasa ta farko, wato gasar Open ta Birtaniya.

Labarin ranar sananne ne. A 17 ga Oktoban 1860 mutum takwas suka fito a filin Prestwick na Sikotlan, suka zagaya ramuka 12 sau uku a wuni guda. Allan Robertson, wanda kowa ya sallama wa a gwaninta, ya rasu a 1859, ana neman magajinsa. Willie Park na Musselburgh ya gama da bugu 174, ya doke Tom Morris babba da tazarar bugu biyu, domin a golf mai ƙarancin bugu ne ke nasara. A shekarar da ta biyo aka buɗe ƙofa ga masu wasa don sha'awa, sunan Open, wato buɗaɗɗiya ga kowa, ya zauna.

Su waye waɗannan takwas? Ba attajirai ba ne. Masu ɗaukar sandunan manya ne, da masu ƙera sanduna da ƙwallaye, da masu gyaran fili. Kuɗin da suke gani a wasa na karon-battar da masu hali ke sa kuɗi a kai ne, kamar wanda Robertson da Morris suka yi da 'yan uwan nan biyu, su Dunn, a 1849 a kan fam 400. Amma a Prestwick ko kwabo ba a ba Park ba. Ɗamara aka ba shi ta jan fatar Maroko mai ado da azurfa, wadda aka saya fam 25, ita ma da sharaɗin ta zauna wurin ma'ajin kulob har sai ya kawo tabbacin zai adana ta ya dawo da ita. Sai a 1863 aka sa fam 10, kuma ba zakara aka ba wa ba, masu bin bayansa ne suka raba. A 1864 ne zakara ya fara karɓar kuɗi, fam 6.

Sai dai akwai wani sharaɗi a dokar ɗamarar da ya fi duk waɗannan nauyi: duk wanda ya ci ta sau uku a jere, ta zama mallakinsa. Da alama masu rubuta dokar sun ɗauka abu ne mai wuyar faruwa. Tom Morris babba ya kusa, ya ci a 1861 da 1862, Park ya tare shi a 1863. Ɗansa ne ya ƙarasa aikin. Tom ƙarami ya ci a 1868 yana da shekara 17, ya maimaita a 1869, a 1870 kuma ya yi bugu 149, ya ba na biyu tazarar bugu 12, ya tafi gida St Andrews da ɗamara.

Nan ne, a ganina, tarihin ya juya, ko da yake a jerin zakarun gasar layi ɗaya kawai ake ba shi: 1871, ba a yi gasa ba. Ba yaƙi aka yi ba, ba annoba ba. Abin da za a yi takara a kansa ne babu, domin ɗan wasa ya cinye shi. A taron Prestwick na shekarar ra'ayi ya rabu, wasu na ganin kulob ɗin ya sayi sabuwar ɗamara ya ci gaba shi kaɗai, wasu na ganin a gayyato sauran manyan kulob a raba nauyi. Ra'ayi na biyu ya yi rinjaye, amma shawarwarin suka yi ta jan ƙafa har shekara ta wuce. Ba a daidaita ba sai Satumban 1872, lokacin da Prestwick da kulob ɗin Royal and Ancient na St Andrews da Honourable Company of Edinburgh Golfers suka amince kowanne ya ba da fam 10 a ƙera kofin azurfa mai siffar buta, wanda ake kira Claret Jug, gasar kuma ta riƙa kewayawa tsakanin filayensu uku.

A lura da abin da ya sauya. Sabon kofin ba ya zama na kowa, ko mutum ya ci sau nawa. Tom ƙarami ya sake lashewa a 1872, karo na huɗu a jere, kofi bai ma kammala ba, sai lambar yabo aka ba shi. Sunansa ne na farko a jikin kofin, amma Tom Kidd ne ya fara ɗaga shi a 1873. Ba na ganin mugunta a wannan shawara. Mutanen sun fitar da kuɗinsu ne don kada gasa ta sake tsayawa, kuma dabarar ta yi aiki, tunda daga nan yaƙin duniya biyu da annobar 2020 ne kaɗai suka hana ta. Amma daga wannan shekara aka raba gari biyu: gasa da kofinta da tarihinta na ƙungiyoyi ne, ɗan wasa kuwa baƙo ne da ake gayyata, ya nuna bajinta, ya karɓi rabonsa ya tafi. Muddin rabon kaɗan ne kuma babu wanda ke samun riba, ba a jin kansu. Da 'yan kallo suka fara biyan kuɗin shiga, daga baya talabijin ta shigo, sai 'yan wasa suka fara jin kamar kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sauran labarin maimaici ne. A 1901 ƙwararrun Birtaniya suka kafa ƙungiyarsu, J.H. Taylor na cikin jagorori. A gasar Open ta 1920 a Deal da ke Ingila, Walter Hagen na Amurka ya riƙa sauya kaya a cikin motar da ya yi haya, saboda al'adar lokacin ba ta barin ƙwararru su shiga ɗakin kulob. A 1968 kuma manyan 'yan wasan Amurka, har da Jack Nicklaus, suka ɓalle daga ƙungiyar PGA ta Amurka saboda saɓani kan kuɗin talabijin da ikon tafiyar da gasa. Sulhun da aka yi a ƙarshen shekarar ne ya haifar da abin da daga baya aka sa wa suna PGA Tour. Masu ganin ɓallewa sabon abu ce a golf sukan manta da wannan.

Kuɗin dai ya ƙaru fiye da tunani. A 2024 a Royal Troon, maƙwabcin Prestwick, dala miliyan 17 aka raba, Xander Schauffele ya samu miliyan 3.1. Tsarin 1872 kuwa yana nan, kuma irin wannan tsari ne dalilin da manyan gasanni huɗu na golf, ciki har da Open, ba na PGA Tour ba ne ba kuma na LIV ba, har 'yan ɓangarorin biyu suke haɗuwa a cikinsu. Cameron Smith na Ostareliya ya lashe Open karo na 150 a St Andrews a Yulin 2022, ya koma LIV a watan Agusta, kuma ba a hana shi zuwa kare kambunsa a Hoylake da ke Ingila a 2023 ba. Kafin a fara wasa sai da ya miƙa kofin ga masu shirya gasar, kamar yadda doka ta tanadar wa kowane zakara.